Ranar da Na Leƙa Tukunyar Kyuba

Shekara arba'in ina sayar da shinkafa da wake a Zangon Kumasi, ba wanda ya taɓa kushe min tukunya sai ɗan da na haifa. Babban ɗana, wanda bakina ba ya kiran sunansa. Yana yaro gwamnati ta kwashe su, shi da wasu yara, a jirgi ta kai su Kyuba karatu. Ya dawo da takardar gyaran injin rake, a garin da ba mu da injin, da kuma wata magana da ta zame masa wuridi. Duk ranar da na zuba masa, sai ya ci, ya suɗe kwano, ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Mma, ya yi daɗi, amma da kin ɗanɗana na Kyuba." A gaban masu saye yake faɗa. Har 'yan tasha suka koma ce min, "Hajiya, zubo mana wanda bai kai na Kyuba ba."

Na haƙura, na haƙura. Ana nan sai matarsa ta haifi autarta a New York, inda yake jan taksi, aka kira ni wankan jego. Gidansu a Bronx, hawa na shida. Ranar arba'in na dafa babbar tukunya da kanwata da karan dafina da na ƙullo daga gida. Mutanen Gana da na Nijar suka cinye har ƙanzo. Shi kuwa ya miƙe tsakiyar jama'a ya ja wuridinsa.

Washegari da hantsi na yafa mayafi na zauna bakin ƙofa. Na ce, "Kai. An ce garin nan ba ƙabilar da ba ta kafa murhu ba. Yau za ka kai ni in ci na Kyuba. In ya fi nawa, na bar sana'a. In bai fi ba, ka rufe bakinka har in mutu."

Matarsa ta ce, "Mma, ni ce shaida." Ta ɗaure jaririya a kujerar mota, muka tafi.

Gidan abinci na farko can ƙasan gari yake, kusa da bakin teku. Bishiyar kwakwa ta roba a ƙofa, hotunan tsofaffin motoci a bango, wasu maza da malafa suna ta kiɗa ba biki ba suna. Aka kawo takardar abinci. Ɗana ya duba, sai gumi ya keto masa alhali sanyi ake. Matarsa ta raɗa min cewa faranti ɗaya zai sayi buhun shinkafa a Kumasi. Ya ce, "Mma, wannan na baƙi ne, ba na asali ba ne." Muka sha ruwansu muka fita. A nan na fara gane ilimin: abin da aljihunsa bai kai ba, ba na asali ba ne.

Gida na biyu da arha, amma mai shi ɗan Sin ne. Ɗana ya ce ba na asali ba ne. Mutumin ya ce shi a Kyuba aka binne cibiyarsa, da ta ubansa. Ɗana ya gyara murya ya yi masa yaren Kyuba. Mutumin ya sa ya maimaita sau biyu, sannan ya amsa masa da Turanci don tausayi. Na uku kuwa mai girkin daga tsibirin maƙwabta ta fito. Shi ma ba na asali ba.

Muka yi azahar a Harlem, cikina yana kuka. Wani ɗan Damagaram mai sayar da turare a bakin titi ya ji zancenmu, ya ce, "Hajiya, in na talakawansu kuke nema, akwai wata tsohuwa bayan shagon aski. Ni dai ban taɓa ci ba." Ya yi wani murmushi da sai daga baya na gane shi.

Tebur huɗu ne a wurin, ba kiɗa ba kwakwa. Tsohuwar sa'ata ce, hannunta duk tabon ƙuna irin nawa. Ɗana ya shaƙi ƙamshi ya rufe ido. "Mma, shi ne. Wallahi shi ne. Wannan ne na asali."

To ni ina da ƙa'ida: ba na cin abincin mai sayarwa sai na ga tukunyarta. Na nuna idona, na nuna kicin. Ta gane, don mai girki ba ta bukatar tafinta. Ta ja hannuna. Ta buɗe tukunyar shinkafa, fara tas, ita kaɗai ba haɗi, ƙwaya a warware. Ta buɗe ta wake, baƙi wuluk, yana ɓararraka. Ba zan yi ƙarya da tsufana ba, ƙamshin ya kai ƙamshi. Na ce a raina, shi ke nan, sana'a ta ƙare.

Sai ta juya ludayi ta ɗago wata fata mai kauri, kitse na rawa a jikinta, tana nuna min da alfahari. Na kafa yatsu biyu a kaina, wato saniya? Ta yi dariya, ta danna hancinta sama da yatsa, ta yi gurnani.

Na ce innalillahi. Na fito, na zauna a gaban ɗana, na gyara mayafi.

"Ka rantse wannan ne na asali?"

"Na rantse, Mma."

"To alade ne a ciki. Shekara bakwai kana can. Shi ka yi ta ci?"

Ya zabura. "Subhanallahi! Mma, mu a makaranta ba a sa mana nama. Ko ƙashi ba mu gani. Wake ne da ruwa da gishiri."

"Wake da ruwa da gishiri. Shi ne ya fi nawa?"

Matarsa ta sunkuyar da kai kan jaririya, kafaɗunta suna rawa don dariya. Ya dubi tukunya, ya dubi matarsa, ya dube ni. Hanya biyu ce: ko ya amsa ya ci alade, ko ya ce wake da gishiri ya fi na uwarsa, kuma ya san duk wadda ya ɗauka, kafin la'asar labari ya kai Kumasi ta wayar shaida.

Can ya ce, "Yunwa ce, Mma. Daga gona muke dawowa mu ci."

Na ce, "Ɗaga murya, shaida ba ta ji ba."

Ya ɗaga.

Za mu fita, tsohuwar ta kankaro ƙanzon farar shinkafar ta ƙunshe min a takarda. Na sa aka tambaye ta da me ta dafa, ta ɗago kwalbar man gyaɗa ta nuna. Na ci a bayan mota, a hankali, inda madubinsa ba ya kama ni.

Tun daga ranar bai sake ambaton Kyuba a kan kwanona ba. Ni ma ban taɓa gaya masa cewa ƙanzon matar nan ya fi nawa ba.