Dodon Da Ya Durƙusa Wa Surukinsa

Har gobe ban manta da Asabar ɗin da na cire fuskar dodo a gaban mahaifin matata ba. Tun da ga ku sababbi an ɗauke ku aikin Gidan Tsoro na bana, gara ku ji labarin daga bakina kafin Audu mai janareta ya ba ku nasa, don shi gishirin da yake zuba wa labari ya fi ƙarfin miya.

A lokacin ba a daɗe da dawowa mulkin farar hula ba. Abuja na ta cika tana batsewa, ko'ina ka duba gini ne da tifa. Ni kuwa da diflomata a aljihu na ƙare a wannan wurin shaƙatawa ina yagar tikiti a bakin babban lilo, ina kwana a ɗaki ɗaya a Jikwoyi. Aikina ke nan duk shekara, sai ƙarshen Oktoba da ake buɗe Gidan Tsoro na mako biyu, saboda bikin nan na Turawa da ake kira Halowin. Manajanmu ne ya gano shi a ƙasar waje ya kwaso mana. Don 'ya'yan ma'aikatan ofisoshin jakadanci aka fara, amma ba a je ko'ina ba 'yan gari suka fi su yawa a layi. Ranar da aka fara jera kabewa a bakin ƙofa, an fafe su an yi musu ido da haƙora, sai da wata mai shara ta roƙi a bar mata su in an gama, ta yi taushe.

Ga wanda bai taɓa shiga ba, tsohon sito ne aka rarraba da katako ya zama lunguna. Ko da rana tsaka ba ka ganin tafin hannunka, sai ɗan jan ƙwan lantarki nan da can. Ana sakin baƙi shida-shida, minti uku tsakanin rukuni da rukuni. Mu dodanni takwas ne, kowa da ramin da yake laɓewa a jikin bango, da maɓallin ƙararrawa kusa da hannunsa, da usur a wuya. Shugabar sashenmu Madam Ladi ce, 'yar Gbagyi daga Ushafa. Mahaifiyarta mai ginin tukwane ita ta ƙera mana siffofin fuskokin da yumɓu, mu kuma muka lilliƙa takarda da sitaci a kai. Tawa tana da ƙaho ɗaya da harshe har ƙirji. Ni kaina in na hango ta a rataye sai na yi a'uziyya.

Madam Ladi ba ta da yawan doka, amma wadda take da ita ba ta ɗaga ƙafa a kai. Kullum da safe sai ta tara mu ta ce, "Tsoro iri biyu ne. Akwai wanda mutum ya saya da tikiti, shi zai yi ihu, ya gudu, ya fita yana dariya. Akwai wanda ya taho da shi daga gida. Wannan ba ya ihu." In ka ga baƙo ya yi tsit ya sandare, sai ka danna ƙararrawa sau biyu a riƙe rukuni na gaba, ka cire fuska, ka faɗi sunanka, ka fitar da shi ta wata ƙaramar ƙofa ta baya wadda ba ta kallon layi. Mu muka sa mata suna ƙofar rufin asiri. Usur kuwa na wanda ya faɗi ne ko ya ji ciwo. Kana busawa za a kunna fitilu duka, 'yan agaji su shigo da gadon ɗaukar marar lafiya ta babbar ƙofa, a gaban kowa. Madam kan sa mu rufe ido mu ƙirga taku daga raminmu zuwa ƙofar bayan, kullum ta Allah. Nawa goma sha biyu ne. Mun sha yin gunaguni a bayan idonta, ni ne ma shugaban masu gunagunin.

To, a wannan shekarar nake neman Bilkisu. Mahaifinta, Alhaji Sule, mataimakin darakta ne a wata ma'aikatar gwamnatin tarayya, gidansa a Karu. Mutum ne mai tsare gida, irin wanda in yana karanta jarida ko kaza ba ta kuka a tsakar gidansa. Ranar da ya tambaye ni aikina, na ce ina sashen kula da baƙi a wani kamfani. Ban yi ƙarya ba, amma Allah ya sani ban faɗi gaskiya ba. Abin da ya ƙara ɗaure mini baki shi ne wata rana na je gaisuwa, aka nuna tallar wurinmu a talabijin, sai ya tsaki ya ce, "Ƙato da gemunsa ya sa tsumma yana tsorata 'ya'yan mutane. Wannan ma sana'a ce?" Na ce, "Wallahi kuwa, Baba." Bilkisu ta san komai, ita ma ta ce mu bari sai bayan biki. Saura mako biyu kawunnaina su zo daga Zariya a sa rana.

Ranar Asabar ɗin, bayan La'asar, aka ce mana ƙungiyar ma'aikatan wata ma'aikata ta kawo iyalanta yawon shaƙatawa. Ban tambayi wace ma'aikata ba. Ramina yana lungun da muke kira Maƙogwaro, mafi ƙunci a gidan. Kafaɗunka na gogar bango biyu, ga buhuna suna reto daga sama suna shafar kanka. Na ji gudun 'yan mata, na yi tsalle na fito da gurnanina, suka kwarma ihu suka wuce kamar an koro su. Sai ɗaya ta waiwayo tana dariya ta ce, "Baba, ka taho mana!" Muryar Hafsat ce, ƙanwar Bilkisu. Na koma rami na lafe.

Ƙamshin turarensa na fara ji, sannan na ga farin kaftani da ƙyallin tabarau a jan hasken nan. Na ce a raina, Nura, yau kai ba dodo ba ne, bango ne. Ya wuce kawai, Allah ya raka taki gona.

Bai wuce ba. Ya tsaya a tsakiyar Maƙogwaro, tafin hannunsa ɗaya a kan katako. Bai yi ihu ba, bai yi salati ba. Numfashinsa kaɗai nake ji, gajere-gajere, kamar na wanda ya hau dutse. Hularsa ta faɗi bai ko dube ta ba.

Zan gaya muku abin da ya zo mini a rai, don kada ku ɗauka ni waliyyi ne. Usur ɗin yana wuyana. In na busa, fitilu za su kama, 'yan agaji su zo su ɗauke shi, ni kuwa ina cikin fuskata, ba wanda zai san wane ne. Aurena ya tsira. Amma na san su wa ke tsaye a layi: ƙananan ma'aikatansa ne, da masinjansa, da matansu da 'ya'yansu. Za su ga an fito da mataimakin darakta a kwance daga gidan wasan yara, kuma kafin Litinin labarin ya zaga hawa bakwai na ofishinsu. Ga shi mutumin bai faɗi ba, bai ji ciwo ba. Dokar Madam a kan irinsa a bayyane take, kuma minti ukun na ta tafiya.

Ban san lokacin da hannuna ya danna ƙararrawa sau biyu ba. Na fito, na cire fuskar. Sai kuma jikina ya yi abin da ya saba yi duk inda ya ga mutumin nan, na tuɓe takalma na durƙusa. Ku ƙiyasta dodo da tsumma da ƙaho a hannu, a tsugune ba takalmi, yana cewa, "Baba, barka da yamma. Ni ne, Nura."

Ya dube ni, amma ban tabbata ya gan ni ba. Da ƙyar ya ce, "Ba iska."

Na ce, "Akwai ƙofa, Baba. Taku goma sha biyu ne daga nan, na ƙirga su ya fi sau ɗari. Ka dafa kafaɗata, ni zan ƙirga."

Ya dafa. Hannunsa ya yi sanyi. Na ɗauki hularsa na fara, ɗaya, biyu, uku. A na biyar ya fara ƙirgawa tare da ni. A na goma sha biyu na tura ƙofa, hasken rana ya faɗo mana, ga Madam Ladi a tsaye da kujera da ruwan sanyi, don ta ji ƙararrawar. Ba ta tambayi komai ba. Ta shigar da shi ɗan ofishinta, ta buɗe taga, ta kunna fanka, ta aika a gaya wa 'yan matan cewa babansu yana hutawa a ofis, su je su hau lilo. Da ya dawo hayyacinsa ta ce, "Oga, sannu. Kowace rana muna samun irin haka, manya-manya ma. Ba wanda ya gani." Sannan ta harare ni ta ce, "Kai kuma ina takalminka? Koma rami, mutane na jira."

Alhaji ya dubi tsummana daga sama har ƙasa, ya karɓi hularsa, na fita.

Kwana shida ban ji daga Alhaji ba. Bilkisu ta aiko cewa Baba bai ce komai ba, amma ya hana a yi zancen sa rana. Na rame a tsaye. Na ci gaba da tsorata mutane, amma Audu ya ce gurnanina ya koma kamar na akuya mai mura. Na ce wa Madam dokarta ta kashe mini aure. Ta ce, "In ya hana ka yarinya don ka taimake shi, Allah ya raba ka da wahala ne." Ban ji daɗin maganar ba ko kaɗan.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya aiko a kira ni. Na same shi shi kaɗai a falo, na zauna a ƙasa.

Ya ce, "Sashen kula da baƙi."

Na ce, "Na yi kuskure, Baba. Kunya ce."

"Kunya ba ta halatta ɓoye gaskiya. Wanda zan ba 'yata, ina so in san abin da yake ci da shi, ko da kwasar shara ce." Ya yi mini faɗa sosai, kuma na cancanta. Sannan ya ce, "Da ka lafe a raminka, da har abada ban sani ba."

"Haka ne, Baba."

"To me ya fito da kai?"

Na so in yi wata magana mai daɗi, amma na riga na ga inda kwalliya ta kai ni. Na ce, "Dokar aikinmu ce. Kullum sai an sa mu maimaita."

Nan ya gaya mini abin da ko iyalinsa ba su sani ba. Shekarun baya wuta ta ɗauke yana cikin lif, na'urar hawa bene, a ofishinsu, shi kaɗai, tun safe har azahar. Tun daga ranar da ƙafa yake hawa bene bakwai, yana ce wa mutane motsa jiki yake yi. Ya shiga gidanmu ne don kada yaransa na ofis su ce Oga ya ji tsoro. Ya ce, "Ka ce wa kawunnanka su zo ranar da aka ajiye. Kuma ka gaishe mini da shugabarku."

Na yi ta godiya. Washegari na kai wa Madam Ladi saƙon, ta ce to, yanzu sai in daina gunaguni in an ce a ƙirga taku.

Shekaru sun wuce, Madam ta yi ritaya ta koma Ushafa, kujerarta ce nake kai yanzu. Ni da Alhaji ba mu sake tayar da zancen ba ko sau ɗaya. Sai bara, da ciwon baya ya matsa masa, likita ya ce sai an yi masa hoto a na'urar nan da ake tura mutum cikinta kamar rami. 'Ya'yansa maza uku suna tsaye a asibitin, amma ya ce wa Bilkisu, "A kira mini Nura." Ma'aikatan suka sa na cire agogo da makullai, suka bar ni na tsaya a wajen ƙafafunsa. Na riƙe idon sawunsa, ina ƙirgawa da ƙarfi daga ɗaya zuwa goma sha biyu, in na kai in sake daga farko, har aka gama.

Abin da nake so ku riƙe ke nan. Tsoratarwa kowa ma ya iya, ba don ita aka ɗauke ku ba. An ɗauke ku ne ku gane wanda ya yi shiru, kuma ba ku san wa Allah zai turo muku cikin duhun nan ba. Ni dai na gode wa matar da ta takura mini kullum da safe, na gode wa dattijon da ya ga tsummana ya ba ni 'yarsa. Yanzu kowa ya tafi raminsa, ya rufe ido, ya ƙirga mini takunsa zuwa ƙofa.