Tsanin Mushe

Malamin lissafin da muka samu a shekararmu ta ƙarshe a kwaleji, a Konni, har yau in na tuna shi sai na yi tsaki. Mushe muke ce masa, wato malam da Faransanci, kamar kowane malamin lakwal, makarantar boko ke nan. Farin takalmi gare shi da baƙin tabarau, kuma ya fi kula da goge ɗan babur ɗinsa mobilet a kan ajin da aka ba shi. Ilminsa kuwa bai wuce abin da ya haddace ba.

Alwatika ɗaya tak ya sani, zanen nan mai gefe uku. Kullum haka yake zana ta a allo: ga bango a tsaye, ga ƙasa a shimfiɗe, ga tsani an jingina. Sai ya ba mu tsawon bango da na ƙasa, ya ce mu nemo na tsani. Ka ninka bango da kansa, ka ninka ƙasa da kanta, ka haɗa, sannan ka nemo lambar da in an ninka ta da kanta za ta ba da jimlar. Mu yi ta rera ƙa'idar da Faransanci kamar waƙar daka, shi kuma yana gyaɗa kai, wai shi ga mai koyarwa.

Wanda muke zama teburi ɗaya da shi ɗan ƙauyen Tajaye ne. Faransancinsa ɗingishi yake yi, lissafi ne abin dogaronsa. Babansa manomi ne, kuma ya riga ya yanke magana: in bai ci jarrabawar ƙarshe ba, babu zancen maimaita aji, zai bi yayyensa cin rani Najeriya.

Wata rana abokin nan nawa ya ɗaga hannu.

"Mushe, in hwa an ba mu tsani, bango aka nema?"

Mushe ya cire tabarau. Na rantse na ga idonsa yana yawo a allo, yana neman amsar da babu ita.

"Wa yac ce maka ana neman bango? Kai am malam ko ni? Haɗawa akai, kullum haɗawa!"

"Na zaci ko ragewa za a yi, Mushe."

Ragewar nan ta jawo masa bulala a gaban aji har hannunsa ya kumbura. Daga ranar babu wanda ya sake tambayar komai.

Ranar jarrabawa aka raba takardu, sai ga alwatika a kwance rigingine, an ba da tsani da ƙasa, ana neman bango. Sauran tambayoyin shafin duk a kan wannan amsa suka dogara. Ni dai ban wahalar da kaina ba, na haɗa kamar yadda aka koya mini, na samo bangon da ya fi tsaninsa tsawo, na miƙa. Da muka fito na tarar da abokina a gindin itacen bedi. Ya ce mini ya rage, amsa ta fito daidai, sai ya tuna bulalar, ya soke ya haɗa.

Dukanmu biyu muka faɗi. Ni babana a buro yake aiki, wato ofis, aka bar ni na maimaita. Shi kuwa babansa ya zo daga Tajaye ɗaukarsa, ya ce ba zai tafi ba sai ya gai da malami. Na raka su, muka iske Mushe a ƙofar gidansa yana goge takalmi.

"Baba, ka yi haƙuri," in ji shi, ko kunya babu. "Mun yi iya ƙoƙarinmu. Ɗanka dai ba shi da kan lissahi."

Tsohon ya durƙusa ya yi godiya, ya ajiye masa zabuwar da ya taho da ita. Mushe ya ɗaga ta yana auna nauyinta da hannu, ya ce ai da ba a wahala ba.