Aiken Inna Zuwa Diffa

Muna idar da sallar asuba kar, wato babbar motar fasinja, ta ɗaga da mu daga tashar Damagaram, gari bai gama wayewa ba. Ni da wani abokin sana'ata ne. Shi sarin tattasai zai je, ni kuwa aike aka ba ni, aiken da raina bai so ba. Takarda na cikin aljihuna, maganar Inna na cikin kunnena: "Ka kai mata ta sa hannu. In ta ƙi, ka gaya mata kada ta ƙara kirana."

Ga tushen maganar. Ƙanwata injiniyar ruwa ce, ita kaɗai ta yi boko mai zurfi a gidanmu, mu sauran kasuwa ta haɗiye mu tun muna ƙanana. Biro gare ta a Yamai, wato ofis, da sanyinsa da motarsa. Aikin haƙa rijiyoyi ya kai ta Diffa, daga nan ta ɗauki hutun da ba albashi, ta zauna can ita da mijinta, wai zane take yi tana koya wa mata. To, hutun zai ƙare ƙarshen wata. In ba ta sa hannu ta koma ba, lambarta ta aikin gwamnati ta tafi ke nan. Ban ɓoye muku ba, ni ma gani nake ta saki reshe ta kama ganye.

Hanyar gabas sai mai haƙuri. A Gidimuni masu rake suka yi mana ca a taga, abokina ya saya, ya yi ta tsotsa yana tara ɓawo cikin hularsa. Gure muka karya da shayi da burodi. Daga nan ƙasa ta canza: tudun rairayi ja, sai kwari cike da goruba da dabino, sai wani tudun. A Gudumariya na ga kanwa jibge bakin hanya kamar tubalin gini. Shingen sojoji kuwa na daina ƙirgawa. Kowa ya sauka, ya nuna takardarsa, ya taka da ƙafa ya tsallake, a sake hawa. Ban yi gunaguni ba, na san abin da ya jawo hakan. Gwiwoyina ne dai suka yi.

Da la'asar sakaliya muka shiga Diffa. Hanci ne ya fara sanar da ni: ƙamshin banda, da yajin tattasai da ya sa kar gaba ɗaya atishawa. Na tsaya sayen ruwa, mai shago ya ce, "Da Naira ko da Sefa?" Na ce a raina, lallai na zo bakin iyaka.

Ƙanwata ta rame kaɗan, amma ban taɓa ganin fuskarta a sake haka ba. Ɗakinta duk takardu ne a jikin bango: masunci yana gyaran koma, tsohuwa tana tankaɗe, hannun mace riƙe da guga. Littattafan koyon karatu na Hausa da Barbarci take yi wa hotuna, da shi suke ɗan rufa asiri. Ta kawo mana burabusko da miyar banda, na ci har na manta da fushin da na ƙunso. Na fara kewaye-kewayen maganar takarda, ta ce, "Yaya, ka bari sai gobe. Ka zo ka ga ajina tukuna."

Da hantsi ni da ita da abokina muka tafi Gagamari, wani ƙauye yamma da gari, inda 'yan gudun hijira suka yi yawa. Ajin ba bango ba allo. Inuwar tsamiya ce da tabarmi uku, da mata kamar goma, yawancinsu sun girme ta. Ta aje busasshen tattasai ɗaya tsakiyar tabarma, kowa ta aje fensirinta gefe, aka yi tsit. Ashe dokar ajin ke nan: ba a taɓa fensir sai an daɗe ana kallo. Abokina ya matso ya raɗa mini, "Wannan ai zaman makoki ake wa tattasai." Na danne dariya da ƙyar.

Ta ji mu. Ta ɗago ta ce, "Yaya, shekara nawa kana sayar da tattasai?"

Na gyara zama na ce ashirin da ɗoriya.

"To furensa wane launi ne?"

Na ce, "Ja mana."

Wayyo! Matan nan suka kece da dariya, har da mai faɗuwa kan 'yar'uwarta. Wata dattijuwa, Ya Falmata suke kiranta, ta miƙe ta shiga lambun da ke bayanmu, ta tsinko reshe ta aje mini a tafin hannu. Ɗan fure ne fari fat, ƙarami, ya sunkuyar da kai ƙasa. Da Hausarta ta Barebari ta ce, "Alhaji, kai buhu ka sani." Kunya ta rufe ni. Abin da ya ciyar da ni da iyalina shekara da shekaru, ban taɓa duban sa yana raye ba. Abokina da ya fi ni baki ya koma kallon reshen tsamiya.

Bayan an tashi, Ya Falmata ta buɗe mini littafinta. Daga hayin kogi ta fito, ɓangaren Najeriya, a shekarun da aka watsa garuruwa. Shafukan farko baƙi ne ƙirin, ta goga fensir har takarda ta huje. Can gaba sai ga katanga. Gaba kuma ga rumbu, ga kurna, ga randa a gindinta da moɗa kife a kai. Ta ce Malama, wato ƙanwata, ba ta taɓa tambayar ta abin da ya faru ranar gudu ba. Ƙananan abubuwa take tambaya: da safe ina inuwa take faɗawa, ina ake ɗaure akuya, da wane hannu ake tura ƙyaure. Wata da watanni suna haka.

"Da, in na rufe ido wuta nake gani," in ji ta. "Yanzu randata nake gani. Jikokina ma sun san gidanmu."

Na yi kamar yajin tattasai ne ya shigar mini ido.

Da yamma muka gangara bakin kogin Komadugu ni da ƙanwata. Ruwa ya cika, injinan ban-ruwa na ta tatata, an shanya tattasai a ƙasa ja wur har inda ido ya tsaya. Hayin can ga shi nan kusa, ana jin carar zakaransu. Na ciro takarda na ba ta, don aike aike ne. Ta karanta ta tsaf, yadda take kallon komai, ta ninke ta miƙo mini.

"Yaya, aikin ruwa aiki ne mai kyau, kuma akwai masu yin sa. Ni na haƙa rijiyoyi da yawa, amma ban iya tuna fuskar mace ɗaya da ta ja ruwa a ciki ba. Takarda nake kallo. Nan na koyi kallon mutum, ba zan iya komawa ba."

Na gaya mata saƙon Inna yadda aka ba ni, ban rage ba. Ta yi kuka sosai, irin na yarinta, da shessheƙa. Amma ba ta ce in ba ta alƙalami ba. A nan na san ba taurin kai ba ne, kuma wallahi ta burge ni. Washegari a tasha ta ba ni wata takarda a nannaɗe, ɗaure da zare, ta ce in ba Inna hannu da hannu.

Komowa ba mu yi hira ba sosai. Abokina yana lissafin buhunansa, ni ina leƙen taga ina ganin abubuwan da na wuce shekaranjiya ban gani ba. Abin da tafiyar nan ta koya mini ke nan: mutum zai iya tsufa cikin abu bai san shi ba, kuma wanda muke cewa ya ɓata wataƙila shi ne ya tsaya ya duba hanya.

Bayan la'asar na iso, na tarar da Inna kan tabarma tana tsinkar zogale. Ta dubi fuskata ta gane.

"Ba ta sa ba ko?"

Na ce ba ta sa ba. Ta ci gaba da tsinka. Na kwance zaren na shimfiɗa mata takardar a gaba. Gidan kakarmu ne na cikin Birni, inda aka haifi Inna, wanda ruwan sama ya rushe tun ƙanwata na 'yar ƙarama. Ga zaure, ga rijiya, ga turmi a jingine, ga ɗakin da kakarmu take kwana.

Inna ta ture tiren zogale. Ta daɗe tana kallo, ta bi katangar da ɗan yatsa a hankali, har ta zo kan ɗakin ta tsaya.

"Ƙofar ɗakin Iya ba gabas take kallo ba. Kudu take kallo." Ta share ido da bakin zane. "Yarinyar nan ba ta san komai ba. Kira mini ita in gaya mata."

Na kira. Har aka yi kiran magariba suna kan maganar ƙofa da inda murhu yake, ba wadda ta ambaci aikin gwamnati. Ban tambayi ƙanwata ko da gangan ta juya ƙofar ba, kuma ba ni da niyyar tambaya.