Mai Gora da Hanyar Cikin Kasuwa

Haihuwarsa da Asalinsa

An haifi marigayi, wanda jama'a suka fi sani da Mai Gora, a cikin shekarar 1947, a wani gida mai ɗaki biyu da ke jingine da katangar babbar kasuwar garinsu. Mahaifinsa tela ne mai shago a can tsakiyar kasuwar, mutum mai yawan shiru. Mahaifiyarsa kuwa mai kitso ce, wadda ta ɗauke wa mijinta nauyin magana, tana yin tata tana yin tasa. Shi ne na uku a cikin 'ya'yansu biyar, kuma dangi sun yi ittifaƙi a kan cewa ya gaji shirun uba da taurin kan uwa.

A shekarar 1956 gobara ta tashi a layin teloli da rana tsaka. Motar kashe gobara ta iso bakin kasuwa a kan lokaci, cike da ruwa, amma ta rasa ta inda za ta shiga, domin tebura da rumfuna sun cinye hanyar, ba su bar ko inda jaki zai wuce da kaya ba. Tana nan tsaye tana kaɗa ƙararrawa shagon mahaifinsa ya ƙone ƙurmus, har da keken ɗinkin. Ba a rasa rai ba, kuma maƙwabta sun taimaka wa tela ya sake kafa shago, amma yaron bai manta ba. Har ya tsufa yana cewa ba wuta ce ta ci shagon babansa ba, tebura ne suka ci shi. Tun daga ranar ya ƙudurta cewa sai motar nan ta samu hanya har cibiyar kasuwa.

Karatunsa

Ya yi firamare a unguwarsu, ya wuce sakandare, ya kammala a 1966. Ba za a yi wa tarihi ƙarya a ce ya taɓa zuwa na ɗaya ba. Abin da malamansa suka shaida shi ne, idan aka ba shi tsaron layi a wajen taron safe, layin ajinsu kan miƙe kamar an ja zare, ko da kuwa sai ya yi faɗa da kowa.

Shigarsa Aikin Hukumar Gari

A farkon 1967 ya nemi aiki a sashen kashe gobara na hukumar gari. Da aka auna tsawonsa aka ga bai kai ba, sai aka miƙa masa igiya, aka tura shi sashen kama dabbobi masu yawo. Ya ji zafin abin ƙwarai, amma bai nuna ba. Shekara shida ya yi yana bin awaki da jakuna da karnukan da ba su da masu su, yana kai su shingen hukuma da ke bayan tasha. Abokan aikinsa sun ce babu lungun da bai faɗi a cikinsa ba, kuma akwai wani bunsuru mai ƙaho ɗaya da ya tunkuye shi sau da yawa har suka saba, ya zamana idan sun haɗu kowa kan kama gabansa.

A wannan sashe ya gano abin da ya zama ginshiƙin aikinsa daga baya. Ya lura cewa kora ba ta hana akuya dawowa. Abin da ke hana ta shi ne mai ita ya ɗanɗana wahalar da ta jawo. Saboda haka ya roƙi shugabansa, aka amince cewa duk wanda ya zo karɓar dabbarsa sai ya share shingen ya shayar da sauran kafin ya tafi. Cikin waɗanda wannan tsari ya fara kamawa har da mahaifiyarsa, wadda akuyarta ta shiga farfajiyar asibiti ta cinye furanni. An ruwaito cewa ta iso shingen tana huci, ta ce, “Ni na haife ka, amma akuyata za ka ɗaure?” Shi kuma ya durƙusa cikin ladabi, ya ce, “Inna, ke kika haife ni, ba ita ba.” Ta yi sharar, ta kuma yi wata guda tana ba mata labarin a wurin kitso, rabi zagi rabi alfahari.

Yadda Ya Samu Laƙabinsa

A shekarar 1973 aka mayar da shi sashen kiyaye dokokin gari, aka ba shi babbar kasuwa, wurin da kowane ma'aikaci ke gudu. Dokar barin hanya ta daɗe a rubuce, sai dai babu wanda ya san faɗin hanyar a ƙasa. Ranar da ya kama aiki ya nufi ofishin 'yan kwana-kwana da doguwar gora a kafaɗa, ya auna faɗin motarsu, ya ƙara kamu ɗaya, ya yanke. Daga nan, kowace Litinin da safe, yakan riƙe gorar a gicciye da hannu biyu, ya taho daga babbar ƙofa zuwa layin teloli, duk abin da bakinta ya taɓa sai an ja shi baya.

Abin ya zo wa 'yan kasuwa a matsayin wasa, daga baya ya zama abin haushi. Wanda ya fi kowa tsaya masa shi ne wani mahauci mai faɗin ƙirji, wanda ya rantse cewa teburinsa a nan kakansa ya kafa shi, kuma ba sanda ce za ta tashe shi ba. Mai Gora bai ɗaga murya ba. Yakan tsaya ne kawai, gora na jingine da teburin naman, ya tare masu saye, yana yi wa mahaucin sannu da aiki har sai ya gaji ya ja. Sannu ba ta hana zuwa; kafin ƙarshen 1975 motar ta shiga har ƙofar shagon mahaifinsa, tsohon ya fito ya shafa ta, ya koma ya ci gaba da ɗinki.

Aurensa da Iyalinsa

A layin masu kwanuka akwai wata budurwa da ke tsare wa mahaifiyarta tebur, wadda daga baya aka san ta da Mai Kwano. Kowace Litinin sai gora ta taɓa teburinta, kuma ba da yawa ba, tafin hannu ɗaya tak. Yakan tsaya ya yi mata bayanin doka dalla-dalla, ita kuma ta saurara da kyau, ta ja teburin, mako na zagayowa ya tarar ya sake fitowa. Kusan shekara ya yi yana mamakin yadda yarinya mai hankali haka ta kasa riƙe magana ɗaya. Kasuwa duka ta gane abin da ake ciki, ban da shi. Mahaucin nan ne, abokin hamayyarsa, ya ji tausayinsa wata rana, ya ce, “Kai, Mai Gora, wannan tebur ba ƙafa gare shi ba. Je ka gaida iyayenta ka huta, mu ma mu huta.”

An ɗaura aurensu a 1976, Allah kuma ya albarkace su da 'ya'ya. Aure bai gyara teburin ba. A gida takan kira shi Malam, amma a kasuwa idan gora ta taɓa sai ta ce, “Ranka ya daɗe, wallahi iska ce ta turo shi.” Shi kuma ya ce, “To, a gaya wa iskar ta ja baya.”

Shugabancinsa da Sabuwar Mota

A shekarar 1988 hukumar gari ta naɗa shi mai kula da sassa uku gaba ɗaya, wato kashe gobara, da dabbobi, da kiyaye dokoki. Ta haka mutumin da aka ce bai kai tsawon ɗan kwana-kwana ba ya zama shugabansu, kuma bai taɓa gajiya da tuna musu wannan ba. Duk da girman kujera, bai ajiye gorar Litinin ba.

A 1991 hukuma ta sayi sabuwar motar kashe gobara, ja jawur, mai jiniya. Murna ta sa ya shirya a shiga da ita kasuwa jama'a su gani, shi da kansa a gaba kusa da direba. Ba su yi nisa ba madubin hagu ya kwashe rumfar mai tumatir, na dama ya rataye wani labule, motar ta cije, ba gaba ba baya. Kowa ya duba injinta da tankinta da tiyonta, amma babu wanda ya tuna cewa gorar da ake ta aunawa da ita faɗin tsohuwar mota ce. Kasuwa ta ɗauki dariya, Mai Gora ya sauko ta taga saboda ƙofa ta ƙi buɗuwa. Shi ma ya yi dariyar, amma iyalinsa sun shaida cewa ranar bai ci abinci ba, domin ya sake ganin abin da ya gani yana yaro: mota cike da ruwa, tsaye a banza.

Ya yanko sabuwar gora mai tsawo, sai dai a wannan karo 'yan kasuwa suka ƙi. Suka ce sun ja sau ɗaya, ba za su riƙa ja duk lokacin da hukuma ta sauya mota ba. Yana da ikon rushe rumfuna da ƙarfin doka, wasu ma sun ba shi shawarar haka, amma ya san abin da aka ture da ƙarfi yakan dawo da an juya baya. Sai ya tuna da shingen awaki. Ya zauna da shugabannin layuka, aka yi yarjejeniya cewa ba za a ƙwace kayan kowa ba, amma duk wanda gora ta fara taɓawa, shi zai ɗauke ta Litinin mai zuwa, ya bi hanyar tun daga ƙofa, ma'aikaci yana tafe a gefensa.

Mahauci aka fara kamawa. Da ya riƙe gorar ya ga yadda hanyar ta tsuke a idon mai tafe, sai ya zama babu wanda ya kai shi tsanani, har rumfar surukinsa bai ƙyale ba. Cikin 'yan watanni sabuwar mota ta isa layin teloli ba tare da ta taɓa ko tsinke ba. A tarihin wannan tsari kuwa babu wanda ya ɗauki gora sau da yawa kamar Mai Kwano, wadda ta ce ita ce kaɗai dabarar da ke sa mijinta ya jera da ita a bainar jama'a.

Ritayarsa

Ya ajiye aiki a 2007. A wajen bikin sallamarsa ya faɗi damuwarsa a fili, ya ce yana tsoron kada gorar ta koma bayan ƙofa, tebura su dawo kamar ciyawar damina. Ya daina zuwa kasuwa ranar Litinin don kada a ce tsoho ya ƙi sakin aiki, amma matarsa na dawowa gida tambayar farko ita ce ko an ɗauka, kuma wa ya ɗauka.

A 2012 wuta ta kama a wani shagon katifu da ke zurfin kasuwa, da hantsi. Yana zaune a ƙofar gida ya ji jiniya ta shiga babbar ƙofa, ya kasa kunne yana jiran inda za ta tsaya, bai ji ta tsaya ba sai a can ciki. An kashe wutar kafin ta tsallaka shago na biyu. Jikokinsa sun ce sun ga kakansu ya miƙe ya taka rawa da sandarsa, abin da ya musanta har ƙarshen rayuwarsa.

Rasuwarsa

Allah ya yi masa rasuwa a cikin shekarar 2021, yana da shekara saba'in da huɗu, bayan gajeruwar jinya a gidansa. An yi masa salla a ƙofar gida, aka bi da shi ta cikin kasuwa zuwa makabarta bisa roƙon 'yan kasuwa, jama'a na tafe a jere ba mai gogar wani, motar kashe gobara na biye a hankali. An binne shi kusa da mahaifinsa.

Ya rasu ya bar matarsa da 'ya'ya biyar: babban ɗansa, direban motar kashe gobara, wanda ya fi uban tsawo nesa ba kusa ba, sai mai bi masa, malamar makaranta, sai likitan dabbobi, sai tela, wanda ya gaji shagon kakansa, sai Auta, ma'aikaciyar jinya, da jikoki goma sha ɗaya.

Gorar kuwa ba ta shiga rabon gado ba, tana kasuwa. Litinin ta farko bayan Mai Kwano ta fita takaba ta koma teburinta, aka wayi gari teburin ya fito da tafin hannu ɗaya. Mai ɗauke da gora a ranar ɗan mahaucin nan ne, magidanci da furfurarsa. Da ya iso ya ga abin da ke nan, sai ya sunkuyar da kai, ya ɗaga bakin gorar sama don ta wuce ba ta taɓa ba.

Ta ce, “Sauke ta, ɗan nan. Shekara arba'in da biyar muna tare da Malam, ko sau ɗaya bai ɗaga mini ba.”

Ya sauke, gora ta taɓa tebur, kwanuka suka yi ƙara. Litinin ta gaba ita ta ɗauka, tun daga babbar ƙofa har layin teloli. Allah ya jiƙan Mai Gora, ya yalwata masa makwanci kamar yadda ya yalwata wa mutane hanya.