Bangon falon Goggo Leocadia

Goggo Leocadia, ƙanwar babana, tela ce. A unguwarmu ta bayan garin Irati da wuya ka samu amaryar da ta shiga coci ba tare da allurar Goggo ta taɓa rigarta ba. Mace ce mai ido a kan launi. Tun daga ƙofa za ta hango ka, ta ce wannan rigar ba ta hau da wannan wandon ba, koma ka canza. Sai ga shi ta auri kafinta.

Mijinta, Baba Estanislau, shi ya gina gidansu da hannunsa kafin bikinsu, da katakon wata bishiya da ake kira pinyo, daga gonar mahaifinsa. Bango katako, silin katako, daɓe katako, tagogi, kabad ɗin kicin, har akwatin ajiye burodi. Lokacin da ta tare katakon fari ne tas, ta yi ta murna. Ba wanda ya gaya mata pinyo yana rikiɗa. Da ya shekara biyar ya koma ruwan zuma, da ya shekara goma sha biyar ya zama kalar dafaffiyar kabewa. Baba kuma bai taɓa fashin shafa masa man sheƙi ba.

Goggo ta gwada duk dabarar da ta sani. Ta ɗinka jan labule, falon ya zama kamar gobara ta tashi. Ta sa rawaya, bango ya haɗiye shi. Ta sa aka kawo kujeru ruwan ƙasa, suka saje da bango har ba ka gane inda kujera ta ƙare. Bayan wata uku ta tura wa mahaifiyata su. Daga baya ta gano shuɗi da fari ne kawai ke iya tsayawa a gaban wannan katako, sai kuma koren ganye. Ta cika gidan da shuɗin labule, fararen shimfiɗun tebur da tukwanen shuka. Gidan ya yi kyau, kowa yana faɗa. Ita dai ba ta gamsu ba.

"Tsoho, bango ɗaya kawai nake roƙo. Na falo."

"Katako ba ya son fenti."

"Shi ya gaya maka?"

"Shekara da shekaru muna hira da shi."

"To yau sai ka tambaye shi ko zai dafa maka wake."

Wannan maganar na ji ta ya fi sau ɗari tun ina yarinya, har na yi aure na haifi biyu ba ta canza ba.

Wani watan Agusta Baba ya bi abokansa kamun kifi na kwana biyar. Motarsu ba ta gama fita layi ba Goggo ta kira ni a waya.

"Ivonete, ki zo da tsohuwar riga. Kada ki gaya wa ubanki."

Na tarar da gwangwani biyu na farin fenti, ashe sun yi wata shida a ɓoye ƙarƙashin yadudduka. Kwana biyu muka yi muna shafawa, ni a kan tebur, ita a ƙasa tana nuna mini inda na tsallake. Da muka gama ta haɗa shayinmu na ganyen mate, ta ja kujera ta zauna tana kallon bangon. 

Baba ya dawo da kifi a bokiti. Na zo musamman don in raba faɗa, amma ba a yi ba. Ya ajiye bokitin, ya shafa bangon da tafin hannu, ya ce, "Kun toshe idanun?"

"Waɗanne idanu?" in ji Goggo.

"To," ya ce, ya wuce bayan gida gyaran kifi.

Sai da zafin Janairu ya shigo, lokacin bazara a wajenmu, muka gane. Duk inda reshe ya taɓa fitowa a jikin katakon, ƙaro ya tsattsafo ta cikin fentin, ya bar tabo mai ruwan goro. Goggo ta ƙirga, talatin da ɗaya. Ta sake shafawa, suka dawo. Ta shafa na uku, suka dawo har da sababbi. Baba kuwa kullum da safe sai ya tsaya da kofinsa a gaban bangon ya ce, "Ina kwananku."

Ana cikin haka 'yarsu Zenaide ta zo daga Curitiba. Ko jaka ba ta ajiye ba ta ce, "Mama, me ya kai ki? Yanzu a birni kowa irin wannan katakon yake nema, ba a samu. Kin ɓata bango."

"Ke da kika gudu daga gidan nan kina 'yar sha takwas, kika kama ɗaki mai farin bango?"

"Wancan lokacin daban ne."

Goggo ta cire tabaranta, ta shiga ɗakin ɗinki ta turo ƙofa. Kwana uku ba ta yi wa kowa magana ba, abinci ma sai Zenaide ce ta dafa, kuma Zenaide ba ta iya girki ba.

Ko tausayi ne ko yunwa, ban sani ba. A rana ta huɗu Baba ya ɗauko sanfefa ya kankare tabon ɗaya bayan ɗaya, ya toshe kowane ido da wani jan ruwa da ya haɗa a shagonsa, ya bari ya bushe, sannan ya shafa fentin da kansa. Yana yi yana mita, wai idan mahaifinsa ya tambaye shi a lahira bai san abin da zai ce ba. Tabo bai sake fitowa ba.

Goggo ta fito ta duba aikin sama da ƙasa. Ba ta yi godiya ba. Abin da ta ce shi ne, tunda wannan ya yi fari, sauran bango ukun sun ƙara ja, silin kuma ya fi su muni. Washegari Baba ya kai tsaninsa gidan wani abokinsa, ya ce aro ya bayar.

Yanzu tana da shekara saba'in da huɗu, har yau tana ɗinki. Ranar Lahadin da ta wuce na kai mata cuku, ta rako ni har bakin ƙofa, ta rage murya ta tambaye ni ko tsanin mijina yana kaiwa silin.