Guɗar da Na Yi wa 'Yar Yayana

Ni ce mai guɗar danginmu. Tun ina budurwa a Tudun Wada, in aka kai amarya ban rangaɗa ba, sai mata su yi ta tambaya ko lafiya. Ina haura arba'in asma ta kama ni.

Likitar da na gani a asibiti, wata 'yar siririya da na haifi kamarta, ta ba ni abin shaƙa guda biyu. Shuɗi na lokacin da numfashi ya sarƙe, mai ruwan ƙasa kuwa safe da yamma, kullum, ko da ina jin garau. Na ce to, amma a raina na ce kayya. Wa ya taɓa ganin mai lafiya yana shan magani? Ga matan layinmu suna zuga ni, wai in jiki ya saba da shi an zama baiwarsa. Na jefa mai ruwan ƙasan cikin akwati.

A bikin 'yar maƙwabciyata ɗaki ya turnuƙe da turaren wuta. Na kama hanci na ɗaga kai, sai tari ya sarƙe ni. Aka fito da ni tsakar gida ana yi mini fifita da faifai, wata mai bakin tsiya tana cewa, "Gwaggo, a bar wa yara mana." Wallahi ya yi mini ciwo. A cikin adaidaita sahu na yi kukana har gida.

Lokacin saura wata uku auren 'yar yayana marigayi. Ta zo ta zauna bakin gadona ta ce, "Gwaggo, Baba ba ya nan. In ba ke ba, ba na son kowa ya yi mini."

Washegari na koma asibiti na faɗi gaskiya. Likitar ba ta yi faɗa ba. Ta ce mai ruwan ƙasan a hankali yake kwantar da kumburin hanyar iska, ba aikin rana ɗaya ba ne. Ta sa na gwada a gabanta, ashe shaƙar ma ban iya ba. Na ɗaure shi da salla: bayan asuba, bayan magariba, in shaƙa, in riƙe numfashi, in kurkure baki. Sati biyu ban ga komai ba, na ciji yatsa na ci gaba. Masu cewa na zama baiwa na ce musu na ji, ƙirjina ne.

Da biki ya matso na ce ba za a kunna turare a ɗakin amarya ba sai na fita. Aka yi ta tsiya, wai ina aka taɓa yi. Na ce a kaina za a fara.

Ranar muka kai ta Nasarawa. A bakin ƙofar ɗakinta gabana ya faɗi, ba zan ɓoye ba. Na ja iska, ta shiga har ƙasa. Na kama hanci na saki guɗa, doguwa, ba ta yanke ba sai da na ga dama.

Amarya ta lalubo hannuna ta ƙarƙashin mayafi. Ta ce, "Gwaggo, ƙara."

Na ƙara.