Ina Ruwanka?

Duk Garuwa, daga bakin gada har cikin kasuwa, an san ni ba na tsoro. Ni ne na taɓa haɗa ido da dorina a bakin Binuwai, muka daɗe muna kallon juna, ƙarshe ita ta ji kunya ta nutse. Na ba da labarin nan ya fi sau ɗari, kuma kullum dorinar ƙara girma take yi. Amma akwai wata Talata da ba na so a tuna mini, kuma abin da ya kayar da ni ranar 'yar kwalba ce da ba ta fi tsawon tafin hannu ba.

Marina gare ni, gadon mahaifina, muna rina shadda. Takardar izinin da hukuma ta ba mu tana rataye a bango cikin gilas, kuma sharaɗinta a fili yake: ruwan rini, da sodarsa da kalarsa, sai ya bi ramuka uku na siminti, dattin ya kwanta, kafin a sake shi cikin lambatu. To rami na uku ya tsage tun damina. Baffa, ƙanen mahaifina da ke yi mana bugu, ya faɗa mini har bakinsa ya gaji, ni kuwa ina cewa sai bayan Sallah. Ruwan bai jira Sallah ba. Ta tsagar yake zurarewa bayan katanga, ya gangara rafin da mata ke ban ruwan lambu.

Mako guda kafin nan, mutanen ma'aikatar muhalli sun rufe wani wurin wankin mota a layinmu. Na ga kwaɗon da idona, da jan tambari a ƙofa. Ni kuwa ɗakina cike yake da shaddar mutane ta Sallah. In aka sa mini wannan kwaɗo, har da kayansu za a kulle, kuma sunan da mahaifina ya bari ya tafi ke nan.

Ranar Talata da hantsi sai ga farar motar ma'aikatar muhalli a ƙofa. Wata mata ta fito, 'yar kudu, da takalmin roba har gwiwa da akwatin sanyi a hannu. Faransancina dama na ciniki ne, ranar kuwa ko shi guduwa ya yi ya bar ni. Sai na kama da Hausa, ina washe baki, ina tambayarta ya hanya, daga ina, ko a kawo shayi. Ta dube ni ba fara'a, ta ce, "Ina ruwanka?"

Baƙon da ka yi wa sannu ya amsa maka da haka, ai da faɗa ya zo. Na ja da baya, na ce, "Ba ruwana, Madam. Wallahi ba ruwana."

Ta dube ni, ta dubi ƙasa, inda wani shuɗin ruwa ke bi ta gefen takalmina, ta yi rubutu. Ta sake tambaya, na sake rantsuwa. Ta sake rubutu. Ƙarar biron nan har cikin haƙorina nake jin ta.

Baffa ne ya ajiye tabaryar bugu ya taso. Suka yi magana da Fillanci, sannan ya juyo ya ce mini, "Kai ɗan nan, Hausarta ta kasuwar Banyo ce. Ruwan marina take tambaya, ina yake fita. Sau biyu ke nan ka rantse mata ba ka zubar da ruwa ko ɗigo, ta kuma rubuta."

Wato ga laifin tsaga, ga na yi wa hukuma ƙarya. Ba ta ƙara tambayata komai ba. Ta bi ruwan kamar mai bin sawun ɓarawo har bayan katanga, ta tsugunna, ta sa safar hannu, ta cika kwalbar. Ta tsoma wata 'yar takarda a ciki, takardar ta sauya launi, ni ma na sauya. Da ta miƙo mini biro in sa hannu, abin da na zana ya fi kama da sawun kaza.

Kwana goma sha biyu na yi ina zaman jiran dawowarta. Kowace farar mota tata ce, har ta ɗaukar gawa sai da na ɓuya mata. Cikin kwanakin nan ne na gangara lambun, karo na farko. Ganyen da ke bakin rafin duk ya ƙone, wata tsohuwa kuma ta ce mini ta daɗe tana ɗebo ruwa daga can sama, ba ta san wa zai ji kukanta ba. Ban gaya mata ko ni wane ne ba. Washegari na kira magini.

Da Madam ta dawo, simintin ya bushe. Ta zagaya, ta ƙwanƙwasa shi da takalmi, idona kuwa yana kan jakarta, ina jiran kwaɗo. Takarda ta fito da ita, ta gargaɗi, ta ce za ta riƙa zuwa ba sanarwa. Maganar rantsuwa kuma ta soke, saboda bayanin Baffa.

Bayan la'asar ina majalisa ina ba da labarin yadda na tsaya mata ƙyam, ko gezau ban yi ba, har ita ta fara in'ina. Baffa na gefe yana ɓare goro. Ya jira na kai ƙarshe, ya ce, "Ɗan nan, da ruwan da ya fita daga jikinka ranar ta ɗiba, da kwalba goma ba ta ishe ta ba. Kuma ba duka ne gumi ba."